Chiamaka Nnadozie: yadda ake gina mai tsaron gida tsakanin kulob da tawagar ƙasa

Mai bin ƙwallon mata a Maradi, ko ta rediyo ko a gidan kallo, da wuya bai ji sunan Chiamaka Nnadozie ba, golar Najeriya. Abin da aka fi tuna ta da shi fenariti ne: ta tare na wance, ta ture na wance. Daga nan sai a ce ai sa'a gare ta. Baiwa kam Allah ya ba ta, amma wanda ya bi tafiyarta shekara bayan shekara zai ga aiki ne ya fi yawa a ciki. Ta samu wasa tun tana ƙarama, ta yi kuskure duniya na kallo, ta koma kulob inda ake atisaye kullum, ta dawo da gyara.

Sai an fara gane wahalar wannan gurbi tukuna. Ƴar gaba ana iya sako ta a minti ashirin na ƙarshe ta nuna kanta. Gola ba a yi mata haka. Tawaga takan tafi gasa da masu tsaron gida uku, ɗaya ce ke tsayawa, kuma koci ba ya taɓa ta sai in rauni ko babban kuskure ya tilasta shi. Precious Dede ta je Gasar Kofin Duniya sau huɗu da Najeriya, daga 2003 zuwa 2015. Tochukwu Oluehi ta daɗe tana jira a bayanta, sai da Dede ta kauce ta samu wuri, kuma ita ce ta tsare raga a 2018 a Ghana lokacin da Najeriya ta doke Afirka ta Kudu a bugun fenariti ta ɗauki kofin nahiya. Nnadozie tana cikin tawagar a lokacin, a benci.

An haife ta ranar 8 ga Disamba 2000 a jihar Imo. Ta yi wasa a Rivers Angels ta Fatakwal, ɗaya daga cikin manyan kulob na mata a Najeriya, ta kuma tsare ragar ƴan ƙasa da shekara 20 a gasar duniya ta 2018 a Faransa, inda suka kai zagayen ƴan takwas. Wato kafin ta zama golar farko ta babbar tawaga, ta riga ta san abin da ake nufi da wasan da kuskure ɗaya ke mayar da mutum gida.

A 2019, a Faransa ɗin dai, Norway ta ci Najeriya 3-0 a wasan farko. Koci Thomas Dennerby ya sa Nnadozie a wasa na biyu, tana da shekara 18, aka doke Koriya ta Kudu 2-0. Ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasa a Gasar Kofin Duniya ta mata ba a zura mata ƙwallo ba. Kwana biyar bayan haka ta haɗu da abin da ya fi wannan koya mata darasi.

Ƙafa ɗaya a kan layi

Ranar 17 ga Yuni 2019, a birnin Rennes, Najeriya ta riƙe masu masaukin baƙi babu ci har wasa ya yi nisa. Aka ba Faransa fenariti, aka kuma kori Ngozi Ebere ta Najeriya. Wendie Renard ta buga, ƙwallo ta bugi turke ta fita. Ana cikin murna sai na'urar VAR, mai maimaita wa alƙali hoton bidiyo, ta nuna ƙafafun Nnadozie duka biyu sun bar layi kafin a taɓa ƙwallo. Aka ba ta katin gargaɗi, aka ce a sake bugu, Renard ta ci, aka tashi 1-0.

Dokar da ta kama ta sabuwa ce fil a lokacin, a farkon watan aka fara aiki da ita: lokacin da ƙafar mai bugu ta taɓa ƙwallo, dole wani ɓangare na ƙafa ɗaya ta gola ya kasance a kan layin raga ko daidai da shi. A takarda sassauci ne, domin a da ƙafa biyu ake so. Amma a da babu mai auna taku da na'ura, masu tsaron gida sun saba satar rabin mita ba a ce musu komai. Hukuncin ya yi tsauri, kuma masu tsara dokokin ƙwallo da kansu sun sassauta a 2020: in ƙwallo ta bugi turke ko ta fita waje, ba a sake bugu sai in motsin gola ne a fili ya dagula mai bugun, sannan laifin farko jan kunne ne, ba kati ba. Daga baya kuma aka yarda ƙafar ta kasance a bayan layi.

Me ya sa gola ke ɗokin fitowa? Lissafi ne. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, ɗigon fenariti yana mita 11 daga layi. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi tana isowa cikin kusan rabin daƙiƙa. Wadda ta tsaya sai ta ga inda ƙwallo ta nufa kafin ta motsa, ba za ta kai kusurwa ba. Kuma ragar mata da ta maza girmansu ɗaya, alhali yawancin mata ba su kai maza tsawo ba. Kowane taku zuwa gaba yana rage wa mai bugu fili, shi ya sa jiki ke son yin gaba da kansa.

Gyaran ba wai a hana ta motsi ba ne, a tsara mata motsin ne. Tana tsaye a kan layi, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, nauyi a kan yatsun ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a gaba. In za ta faɗi hagu, ƙafar hagu ce ke yin taku gaba da gefe, ƙafar dama ta tsaya a kan layi har a buga. Ƙarfin tsalle daga ƙafar da ta yi takun yake fitowa. Wasu kuma sukan fara daga ɗan bayan layi, su tako gaba yadda ƙafa ɗaya za ta sauka a kan layin daidai lokacin bugu, su samu gudu ba tare da laifi ba. Abin da ido zai kalla shi ne inda mai bugu ta dasa ƙafar da take tsaye a kai, da yadda ƙugunta ya buɗe ko ya rufe. Idonta ba abin yarda ba ne, da shi ake yaudara. A manyan kulob ana ƙara wa gola da hotunan bidiyo na bugun da kowace ƴar wasa ta yi a baya, ta shiga fili da sanin ɓangaren da wance ta fi so in ta matsu.

Shekara huɗu bayan Rennes, ranar 21 ga Yuli 2023 a Melbourne, aka ba Kanada fenariti a farkon zagaye na biyu. Kanada ce ke riƙe da zinaren Olamfik, mai bugun kuma Christine Sinclair ce, wadda ta ci wa ƙasarta ƙwallo 190, tana neman zama ta farko da ta ci a gasar duniya shida. Ta buga ƙasa-ƙasa, Nnadozie ta faɗi hagunta ta tare, na'ura ba ta samu abin kamawa ba. Aka tashi babu ci, ita ce ma ke sanye da ƙyallen kyaftin a ranar.

Inda aka yi gyaran

Tsakanin wasannin nan biyu akwai Paris FC, wadda ta ɗauke ta a Janairun 2020 tana da shekara 19. A kula, ba Paris Saint-Germain (PSG) ba ce. Kulob biyu ne daban a gari ɗaya, kuma Paris FC ce ƙaramar. Zuwanta ke da wuya annobar korona ta tsayar da gasar Faransa a watan Maris.

A ganinmu babu makarantar da ta fi irin wannan kulob dacewa da ƙaramar gola. Lyon ta lashe gasar lig ta Faransa sau 14 a jere daga 2007 zuwa 2020. Golar irin wannan ƙungiya tana iya yini a fili ba ta taɓa ƙwallo sau biyar ba, kuma sabuwar zuwa ba za ta ga raga ba sam. Ƙungiyar da ke can ƙasan tebur kuma ruwan ƙwallo ake yi wa golarta har ta saba da faɗuwa ba tsari, ta daina jin zafin ci. Paris FC tana tsakani. Wani mako ita ke riƙe da ƙwallo, gola ta koyi fara wasa da ƙafa da tsayuwa nesa da raga a bayan ƴan baya. Wani mako Lyon ko PSG ce a gabanta, ta sha bugu daga ko'ina.

Amfanin ya fito fili a kakar 2023 zuwa 2024. A wasan share fagen Gasar Zakarun Turai, Paris FC ta yi 3-3 da Arsenal, aka je fenariti, Nnadozie ta tare biyu, har da na Alessia Russo. A zagaye na gaba suka fitar da Wolfsburg, wadda ta buga wasan ƙarshe na gasar watanni kaɗan kafin nan. A watan Mayun 2025 suka yi canjaras babu ci da PSG a wasan ƙarshe na Kofin Faransa, ta sake tare biyu a fenariti, suka ɗauki kofi. Bayan nan ta koma Brighton a Ingila. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta fara ba da kyautar gwarzuwar mai tsaron gida a 2023, ita ta karɓa, ta sake karɓa a 2024.

Tawagar ƙasa ba ta iya yin wannan aikin, kuma ba laifinta ba ne. Ana tara ƴan wasa ne a ranakun da FIFA ta ware, kwana kaɗan, kowa daga kulob ɗinta da irin tsarin da ta saba. A kwana goma ba a gyara wa gola riƙon ƙwallo ko taku. Abin da ake iya yi shi ne a daidaita murya: kalma ɗaya da ke nufin "tawa ce, ku kauce", kalma ɗaya ta "fitar da ita", wa ke tsaron turken kusa a bugun kusurwa, mutum nawa a katanga. Sauran duk abin da ta zo da shi daga kulob ne.

Kada kuma a ɗauka gola mai kyau tana kai ƙasa ko'ina ita kaɗai. A gasar 2023 Najeriya ta buga wasa huɗu, uku ba a ci ta ba, ta doke Ostireliya 3-2 a gidanta. Amma a wasan Ingila, bayan minti 120 babu ci, har da korar Lauren James ta Ingila, an fitar da ita 4-2 a fenariti. Nnadozie ba ta tare ko ɗaya ba, ƴan wasan Najeriya biyu kuma suka zubar. A Olamfik na 2024 Brazil ta ci su 1-0, Sifaniya 1-0, Japan 3-1. A gasar Afirka ta 2022, a wasan neman na uku da Zambiya, ƙwallo ta bugi turke ta dawo ta bugi jikinta ta shiga, aka rubuta ita ta ci gida, kuma da wannan ƙwallo aka tashi. Irin wannan ba ya da magani a atisaye. Abin da ke hannun gola shi ne ƙwallo ta gaba. A wasan ƙarshe na gasar Afirka ranar 26 ga Yuli 2025 a Rabat, Maroko ta ci biyu tun kafin rabin awa. Da ta uku ta shiga, da zance ya ƙare. Ba ta shiga ba, Najeriya ta farke ta ƙara, 3-2, kofi na goma, aka zaɓi Nnadozie golar gasa.

Abin da za a iya yi a filin unguwa

A 2019, a gasar mata ta yankin UFOA B na Afirka ta Yamma a Abijan, Najeriya ta ci Nijar 15-0. Babu golar da za a ɗora wa wannan ita kaɗai. Tazara ce ta yawan wasa da horo tsakanin ƙasashen biyu. Abin da ya fi ciwo shi ne a wurare da yawa har yanzu yarinyar da ba ta iya gudu ba ita ake turawa raga, a lakwal ko a unguwa, sannan a bar ta tsaye sai ƙarshen atisaye a jeru a yi ta zabga mata ƙwallo. Wannan ba horo ba ne, tsoro yake koya mata.

A fara da zaɓe. A nemi wadda ba ta runtse ido in ƙwallo ta nufo fuskarta, mai saurin ƙafa, mai iya ɗaga murya. Tsawo yana taimako, amma yarinya ƴar shekara goma sha ɗaya ba ta gama girma ba, kada a kore ta a kansa. Ƙanana su yi wasa da ƙwallo lamba 4 da ƙaramar raga, kamar mai mita 6 da mita 2.10 da ake amfani da ita a wasan ƴan takwas-takwas. Ƙwallo lamba 5 nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, ta yi wa ƙananan yatsu yawa. Yarinyar da aka sa a babbar raga tun da wuri tana koyon cewa duk abin da ya bi sama ya wuce ta, sai ta daina ƙoƙari.

Riƙo ne farko, kafin duk wani tsalle. Ƙwallon da ta zo daga ƙirji zuwa sama, hannu biyu a bayanta, manyan yatsu kusa da juna, a tarbe ta a gaban jiki da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don ta sha ƙarfin. In manyan yatsu suka yi nesa da juna, ta tsakaninsu za ta sulale. Wadda ta zo ƙasa, ƙananan yatsu ne ke haɗuwa, a kwaso ta zuwa ƙirji, jiki yana bayanta. In ba za ta kamu ba, a ture ta gefe wajen layi, ba tsakiya ba inda ƴan gaba ke jira.

Faɗuwa a koya ta daga zaune, sannan daga durƙuso, sannan daga tsaye. A sauka a kan gefen cinya da kafaɗa, ba a kan ciki ba, ba a kan gwiwar hannu ba. Hannu ɗaya a bayan ƙwallo, ɗaya a samanta, ƙasa ta zama hannu na uku. A nan Maradi tana da abin da wasu ke saye da kuɗi: yashin gulbi a lokacin rani wuri ne mai kyau na koyon faɗuwa ba tare da ƙujewa ba. Wadda aka fara da ita a kan jar ƙasa mai tauri, jikinta zai riƙa gudun ƙasa, ta riƙa faɗuwa baya-baya tana kare kanta, kuma cire wannan ɗabi'a yana ɗaukar lokaci. Sai dai yashi yana da nasa sharri. Yana kashe gudun ƙwallo, alhali ciyawar da aka yi wa ban-ruwa ko ta roba tana ƙara mata santsi. Golar da ta tashi a yashi zalla takan makara a ƙwallon ƙasa ranar da ta fara taka fili irin na Seyni Kountché a Yamai. A riƙa haɗa mata da wuri mai santsi, a buga mata ƙwallon da ke dira taku ɗaya a gabanta.

Tsayuwa kuwa ita ce ke rage buƙatar tsalle. Ta ɗauka akwai igiya daga tsakiyar raga zuwa ƙwallo, ta tsaya a kanta, taku biyu ko uku gaban layi in bugun daga bakin da'irar mita 16.5 ne. Ana ma iya ɗaura igiya ta gaske daga turaku biyu zuwa ƙwallo, ta gani da idonta yadda fili ke tsukewa in ta matso. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a buga tana cikin tafiya. Dole ƙafafunta su tsaya cik kafin ƙafar mai bugu ta sauka. A ƙwallon sama ta yanke shawara da wuri, ta yi kira, ta tashi da ƙafa ɗaya, gwiwa ɗaya a sama don kariya, ta kama a inda hannunta ya fi kaiwa. Rabin fitowa ya fi kowanne muni: ba ta kai ƙwallo ba, ba ta tsare raga ba.

Kada a raba ta da wasan ƙafa. Tun 1992 ba a yarda gola ta kama ƙwallon da abokiyar wasanta ta mayar mata da ƙafa da gangan ba, tun 2019 kuma ana iya karɓar bugun gola a cikin da'ira. Daga kakar 2025 zuwa 2026, in ta riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas, bugun kusurwa ake ba abokan hamayya, alƙali yana ƙirga biyar na ƙarshe da hannu a sama. Saboda haka ta shiga atisayen ba-ni-in-ba-ka da sauran, da ƙafar dama da ta hagu. Kuma in kulob yana da ƴan gola biyu ƙanana, a raba musu wasanni, domin atisaye ba ya maye gurbin wasa.

Mata sun fi maza fama da tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, kuma yawanci a sauka daga tsalle ko juyi ne take faruwa. A koya mata sauka da gwiwa a lanƙwashe, tana kallon inda yatsun ƙafa suka kalla, ba ta karkata ciki ba. A zafin Afrilu da Mayu atisaye da sassafe ne ko bayan la'asar, da ruwa a gindin turke. Safar hannu a ɗan jiƙa tafinta kafin wasa, bayan an gama a wanke yashin da ruwa, a shanya a inuwa. Rana tana busar da robar ta tsattsage. In da hali, tsohuwa ta atisaye, sabuwa ta wasa.

Iyaye da yawa maganar sutura ce ke tsayar da su, kuma damuwa ce ta gaskiya da ya kamata a amsa ta da dokar kanta. Gola tana da damar sa dogon wando da riga mai dogon hannu. Tun 2014 dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai, da sharaɗin ya zama baƙi ko launin riga, kada a haɗe shi da rigar, kada a sa masa allura ko wani abu mai tsini. Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta.

Sai takardu, waɗanda aka fi sakaci da su. Takardar haihuwa ta gaskiya tun da wuri, da lasisi a kulob ɗin da ke da rajista da FENIFOOT, hukumar ƙwallon Nijar, domin wasan da ba a rubuta ba babu wanda zai ƙirga mata shi. Dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa ko ƴar wasa wata ƙasa kafin shekara 18, sai a ƴan keɓaɓɓun yanayi, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Duk dillalin da ya zo gida ya ce a ba shi kuɗi zai kai yarinya ƴar shekara goma sha biyar kulob a Turai, a nemi ya nuna lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin, a kai su ofishin hukumar ƙwallo ta jiha a tantance kafin a fitar da ko dala.